Milimita Huɗu Tsakanina da Kawu

Lahadi, 4 ga wata

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar da ke kewar gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar? Inna ta ce da ka ji ɗan sauƙi sai ka tura maganin ƙarƙashin katifa. Na ji, kuma ban ji daɗi ba. A gaida ita, a gaida Yaya da iyalinsa. Surukinka yana gaisuwa, jikokinka kuma suna nan kalau, suna cinye mana abinci kamar an aiko su.

Ka ce in daina ba ka labarin makaranta a waya, wai kafin ka gyara zamanta a kunne na riga na kai ƙarshe. Takarda kake so, wadda za ka sa tabarau ka karanta sau biyu. To ga ta.

Bana ajina na 'yan shekarar ƙarshe ya yi min daɗi. Aikin kammalawa na rukuni ɗaya shi ne gangar tankaɗe yashi, irin wadda masu buga bulo ke juyawa. Da kai za ka gani, Baba, da ka zauna ka ƙi tashi. Akwai zoben ƙarfe babba, sannan akwai ɗamara, wato doguwar sandar ƙarfe mai faɗi da za a lanƙwasa ta zagaye zoben, ta danne ragar. Ba walda za a yi ba. Noti arba'in ne za su riƙe ta, don in raga ta cinye a kwance a sa sabuwa. Huji arba'in a zobe, huji arba'in a ɗamara, kuma dole kowane ya kalli ɗan'uwansa ido cikin ido.

Ka tambaye ni abin da nake koyarwa a kwamfutar nan takamaimai. Ka tuna yadda kake rubuta awo da alli a bayan ƙofar shago, faɗi kaza, tsawo kaza? Manhajar zanen ma tana da irin wannan ƙofar, jadawali ne, kowane awo da sunansa. Bambancin shi ne ba sai ka rubuta amsa ba, ƙa'idar za ka rubuta. Ka ce kewaye shi ne faɗi sau lambar da'ira. Ka ce tazarar huji ita ce kewaye a raba arba'in. In gobe ka canza faɗin, sauran duk su gyara kansu, zanen ya miƙe ko ya tsuke a gaban idonka. Shekara goma sha ɗaya ina nuna wannan, har yau in na ga fuskar ɗalibi a karon farko sai in ji kamar ni ce na fara gani.

Mutum uku ne a rukunin. Akwai wata yarinya da suke kira Walƙiya, don kafin in gama bayani ta gama zane. Ita ke da zoben. Akwai Lauya, wanda bai taɓa yarda da magana ba sai ya ja ta; shi ke da ƙafafu da hannun juyawa. Sai Kawu, mai ɗamara.

Kawu nake son ba ka labarinsa. Ya haura hamsin, ya girme ni nesa ba kusa ba, shekara ashirin da bakwai yana aikin ƙarfe a wata masana'anta. An ce za a ba shi shugabancin sashensu, amma sai ya kawo takardar shaidar kammala karatun nan namu. Bara ya zauna jarrabawa ya faɗi, ba a aiki ba, a kwamfuta. Dokar makarantarmu sau biyu ake zama, don haka bana ce ta ƙarshe. Yana danna madannai da yatsa ɗaya, da ƙarfi, kamar mai buga kusa, har Lauya ya ce a sayo masa kwamfutar ƙarfe. Shi kuwa ya ce ranar da Lauya ya iya riƙe guduma ba tare da ya nemi babban yatsansa ba, sai su yi magana. Ajin gaba ɗaya Kawu suke ce masa, ni ma haka, shi kuma ba ya zama sai na zauna, duk da na roƙe shi ya daina.

Ka sa shi a addu'a, Baba. Ina so ya haye ƙwarai.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Autarka


Laraba, 14 ga wata

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya kai da Inna, da fatan maganin ya fito daga ƙarƙashin katifa. Mu nan lafiya lau, sai dai yau zuciyata ba ta kwanta ba, kuma kai kaɗai nake jin zan iya faɗa wa.

An gama zoben Walƙiya, ya fito tsaf, huji arba'in ɗinsa reras. Saura ɗamara. Makaranta sanda ɗaya take ba kowane rukuni, kuma mai injin yankan sau ɗaya zai karɓe mu, ranar Alhamis ta sama. Kafin nan dole mai zanen ya sa hannu a takarda cewa awonsa ne. In an yanka ba daidai ba shi ke nan, domin masu jarrabawa ba su yarda a faɗaɗa huji da magagari ko a cike giɓi da walda ba.

Kawu ya ƙi sa hannu.

Ga yadda abin yake. Faɗin da'irar, in an auna daga tsakiyar kaurin ƙarfen yadda ka koya min tun ina ƙarama, milimita dubu ɗaya da ɗari huɗu ne. Kwamfuta ta ce tsawon ɗamarar dubu huɗu da ɗari uku da casa'in da shida. Kawu ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu, wanda duk ya sha baƙin mai, ya yi nasa lissafin da ashirin da biyu bisa bakwai, kamar yadda aka koya masa a firamare. Ya samu dubu huɗu da ɗari huɗu cif. Milimita huɗu ke tsakaninsu. Ya ce shi bai taɓa yanka ƙarfe a kan lambar da hannunsa bai yarda da ita ba, kuma ba a kan sanda ɗaya tilo zai fara ba.

Lauya ya samu abin da yake so. Ya ce Kawu na son ya kai kwamfuta kotu, shi kuma a shirye yake ya tsaya mata kyauta. Aka yi ta dariya. Walƙiya ta ce, Kawu ka sa hannu mana, ka bar mu mu huta. Ni kuma, Baba, a nan na yi abin da nake jin kunyarsa. Ina sauri, wasu rukunai biyar na jirana, sai na ce masa a gaban yaran nan ashirin da biyu bisa bakwai lissafin 'yan firamare ne, kwamfuta ba ta kuskure, ya daina ɓata mana lokaci.

Ya rufe littafin, ya mayar aljihu, ya ce Malama a yi haƙuri. Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min, in dai lissafin da ya ci abinci da shi shekara ashirin da bakwai ba daidai ba ne, to bai ga abin da ya zo nema a nan ba, gara ya bar wa yara wurinsu. Jiya bai zo ba. Yau ma kujerarsa haka ta wuni.

Na san ina da gaskiya a lissafin, ashirin da biyu bisa bakwai ta ɗara ainihin lambar kaɗan. Amma da kai ne wata yarinya ta faɗa wa haka a shagonka, da ban yafe mata ba. In bai sa hannu kafin Alhamis ba, ya faɗi ke nan ba tare da ya zauna ba.

Zan ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda da safe. In kana da abin cewa, ka ba shi ya dawo min da shi.

A gaida Inna. Ka yafe min dogon kuka.

Autarka


Talata, 20 ga wata

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma ina roƙonka ka zauna kafin ka karanta, don za ka yi dariya har gwiwar ta motsa.

Amsarka ta iso jiya da hantsi. Na buɗe ina jiran faɗa shafi biyu, sai na ga layi uku. Gaisuwa, sannan ka ce kai ba ka san kwamfuta ba, amma duk ma'aunin da ya shigo shagonka sai ka tambayi wanda ya ƙera shi. Wa ya gaya wa kwamfutar lambar da take ninkawa da ita?

Na yi murmushi, na ce Baba ke nan. Na buɗe jadawalin Kawu don in samu abin rubuto maka. Ƙa'idar tana nan daidai, kewaye shi ne faɗi sau lambar da'ira. Sai na gangara can ƙasa, inda ba wanda ke dubawa, in ga ita lambar da'irar. Baba, uku da ɗigo ɗaya huɗu na gani. Rubutun hannuna ne, in ana iya cewa haka a kwamfuta.

Sai na tuna. Shekarar da na fara koyarwa ban san manhajar tana ɗauke da wannan lamba a cikinta ba. Ashe haruffa biyu kawai ake rubutawa, p da i, abin da muke kira fai a aji, ita kuma ta kawo lambar da dogon jerinta. Ni da ban sani ba sai na buɗe layi na sa mata suna, na rubuta guntuwar da na haddace. Daga baya na koyi hanyar da ta dace, har ina koyar da ita a allo, amma wancan tsohon fayil ɗin shi nake kwafa wa ɗalibai duk shekara su fara aiki a kai. Ba a taɓa kama ni ba saboda ƙananan abubuwa muke yi. A kan ƙafar inji mai faɗin tafin hannu kuskuren bai kai kaurin gashi biyu ba. Sai bana da muka yi da'irar da mutum zai tsaya a cikinta. Zoben Walƙiya ya tsira ne don hujinsa da kusurwa aka raba, digiri tara tara, lambar tawa ba ta shiga ciki ba.

Na kwafi fayil ɗin, a kwafin na goge, na rubuta fai. Amsa ta koma dubu huɗu da ɗari uku da casa'in da takwas, da ɗan ɗigo biyu. Tawa ta gaza da milimita biyu, ta Kawu ta wuce da kusan biyu. Da an yanka a kan tawa, daga huji na goma noti zai fara gardama, kafin a kai na arba'in hujin ko leƙen juna ba za su yi sosai ba.

Ban jira an tashi ba. Na nemi izini, na hau mota zuwa masana'antarsu. Na same shi lokacin hutun rana, a kan benci a bayan ɗakin walda, yana cin abinci da abokan aikinsa. Da ya gan ni ya miƙe har cokali ya faɗi. Na ce Kawu, a gaban mutane na yi maka laifi, shi ya sa ban damu da waɗannan su ji ba, lambar kwamfuta ba daidai ba ce, kuma ni na sa ta.

Fuskarsa ta washe. Ya juya ya kalli abokansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce kun dai ji da kunnenku. Sannan ya ce, to Malama, ashe tawa ce daidai. Na ce a'a Kawu, kai ma ka kauce, ni ta hagu kai ta dama. Ya karɓi takardar da na zo da ita, ya zaro littafinsa, ya daɗe yana dubawa. Can sai ya fashe da dariya, ya ce shekara ashirin da bakwai yana mamakin abin da ya sa duk babban tankin da ya naɗe sai ya ɗan rage bakin da magagari, yana zagin tef ɗin awo, har ya jefar da guda uku da ba su ji ba ba su gani ba. Wani abokinsa ya ce ɗaya daga ciki ma nasa ne.

Yau ya dawo aji. Na tsaya a gaba na nuna musu layin nan a babban allo, na ce ga aikin malamarku. Na ce kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta ta riƙe min amana shekara goma sha ɗaya. Lauya ya ce shi dai ya janye daga shari'ar, tunda wadda yake karewa ta amsa laifi. Walƙiya ta je har kujerar Kawu ta ce ya yi haƙuri, ya ce ta bari sai ganga ta juya.

Na ce shi zai gyara fayil ɗin da hannunsa. Ya goge layina gaba ɗaya, kuma na lura bai yi jinkiri ba ko kaɗan. Ya rubuta ƙa'idar da yatsansa ɗaya, ya sa a buga takarda, ya karanta kowace lamba a bayyane, sannan ya sa hannu. Jibi za a yanka.

Na gode, Baba. Ka faɗa wa Inna layi ukunka sun fi darasina na wata guda.

Autarka


Asabar, 1 ga sabon wata

Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna da duk mutanen gida. Na ji an ce ka taka har bakin titi ba sanda, Allah Ya ƙara sauƙi. Yau ba zan ja ka da nisa ba, don na san abin da kake jira.

An yanka ɗamarar, an huda, an lanƙwasa. Amma dokar ita ce ba a ɗaura ta sai a gaban masu jarrabawa, don haka kwana takwas tana jingine a bango muna wucewa muna kallonta. Kawu kullum sai ya shafa ta in zai fita.

Jiya suka zo, su biyu, wani dattijo mai furfura da wata injiniya da ba ta murmushi. Suka fara da kwamfuta, inda ya faɗi bara. Matar ta ce masa, a ce mai bulo ya dawo ya ce gangar ta yi masa girma, yana son faɗi dubu ɗaya da ɗari biyu, huji talatin da shida. Ni ina can baya, an hana ni magana, na damƙe gefen mayafina. Kawu ya goge hannunsa a wando, ya canza lamba biyu kacal, zanen ya tsuke, hujin suka sake jeruwa. Ta ce ina ya samo lambar da ke cikin ƙa'idar kewayen, don ba ta ga ya rubuta ta ba. Ya ce ai ba a rubuta ta, ranki ya daɗe, kiranta ake yi da sunanta, domin duk wanda ya rubuta ta da hannu sai ya guntule mata wutsiya. Ya ce shi ya san mutum biyu da suka yi hakan, amma ba zai faɗi suna ba. Yaran suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Matar ta rubuta wani abu a takardarta.

Sai aka koma ɗakin aiki. Lauya da Walƙiya suka riƙe ɗamarar, Kawu ya ɗauki noti na farko. Ba wanda ya ce a ƙirga, amma daga na biyar sai na ji ajin gaba ɗaya suna ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Na goma ya shige. A nan na saki numfashi, don a nan tawa za ta fara tona min asiri. Na ashirin, na talatin, duk da yatsu yake murza su, ko sifana bai ɗauka ba. Da ya zo na arba'in sai ya tsaya, ya leƙa hujin, ya ɗago ya ce wa dattijon nan ko zai so ya sa da kansa, kada a ce an yi dabara. Dattijon ya karɓa ya zura, ya shige kamar an shafa masa mai. Bakin ɗamarar biyu suka haɗu, ko takarda ba za ta ratsa ba.

Aka zuba yashi shebur uku, Lauya ya juya hannun, lallausan ya zubo ƙasa, tsakuwa ta gangara gefe. Ban san lokacin da na fara tafi ba. Kafin su tafi matar nan ta ce wa Kawu sakamako sai wata mai zuwa a hukumance, amma in ita ce shi, za ta fara neman wanda zai gaje shi a bencin aikinsa. Kuma ta yi murmushi, Baba, na gani da idona.

Da kowa ya watse na same shi zaune a ƙasa kusa da gangar, ya jingina da ƙafarta, idonsa ya yi ja. Na yi kamar ban gani ba. Ya miƙo min littafinsa ya ce in rubuta masa lambar nan cikakkiya a shafin ƙarshe, yana so ya nuna wa mutanen sashensa. Na rubuta abin da manhajar ke nunawa, 3.14159265358979. Ya ce nan ta ƙare? Na ce a'a, nan dai kwamfuta ta tsaya, ita lambar ba ta da ƙarshe, ko za a cika littafin nan da wani. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce to madalla, ashe ba shi kaɗai ba ne bai gama karatu ba.

Ya ce in gaishe ka, wai yana so ya zo ya ga mutumin da ya kama malamarsa daga kan kujerarsa a gida. Na ce sai an yi hutu, mu zo tare. Ka ce wa Inna ta shirya wa baƙo, kuma mai ci ne sosai.

Allah Ya bar mana kai.

Autarka